Tambaya da Amsa: Takunkumin da aka ba ni a wurin aiki ya isa kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da matsala. Ina aiki a wani kamfanin haɗa magunguna yau wata bakwai kenan, ina ɓangaren da ake yi wa ƙwayar magani rufi, ni ke zuba sinadarai daga durom zuwa cikin tanki, a jikin lebul ɗin na ga an rubuta methanol wani kuma dichloromethane. Kullum in na tashi daga aiki kaina kamar zai tsage ga jiri, hannuna kuma duk ya bushe ya yi fari yana tsattsagewa alhali ina sa safar roba da takunkumi shuɗin nan irin na asibiti. Na yi wa na gaba da ni magana sun ce haka kowa ya fara, zan saba. Da gaske ana sabawa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, ba a sabawa. Hancinka ne kawai zai gaji ya daina jin warin, hanta da ƙwaƙwalwa kuwa suna nan suna karɓar abin da kake shaƙa kullum. Waɗanda suka ce maka sun saba ɗin ma tausayinsu nake ji, domin su ƙararrawar tasu ce ta mutu.

Bari in fara da takunkumin nan don shi ya fi ɗaga min hankali. Shuɗin takunkumi na asibiti an yi shi ne don ya tare yawu da tari, kar kai ka gurɓata maganin. Wato maganin yake karewa daga gare ka, kai bai kare ka da komai ba. Ko wanda ake kira N95 ma ƙura yake tarewa, tururin sinadari wucewa yake ta cikinsa kamar babu komai a fuskarka. Na tururi shi ne na roba mai gwangwanin tace iska a gefe da gefe, kuma nan ma akwai magana, gwangwanin da aka saba amfani da shi ba ya riƙe waɗannan biyun da ka ambata na tsawon lokaci saboda saurin tashinsu, dichloromethane a digiri 40 na ma'aunin Celsius kacal yake tafasa, shi ya sa inda yake da yawa ake ba ma'aikaci takunkumin da ake turo masa iska mai tsabta ta bututu. In kana da gemu ka faɗa musu, gashi yana hana robar kama fuska, akwai mai rufe kai gaba ɗaya da aka yi saboda haka.

Sai safa. Siririyar safar nan ta latex, dichloromethane yana ratsa ta nan da nan ba tare da ta yage ba, za ka dai ji wani sanyi-sanyi ko raɗaɗi a yatsa, to wlh ya riga ya shiga, kuma safar ta riƙe maka shi a kan fata. Ta wata irin roba da ake kira nitrile siririya ma ba ta jimawa a gabansa. Akwai wata farfesar ilimin sinadarai a kwalejin Dartmouth ta Amurka, Karen Wetterhahn, a shekarar 1996 ɗigo kaɗan na wani sinadarin mercury (zaiba) ya zuba a kan safarta ta latex, tana sanye da duk abin da aka san ana sawa a lokacin, bayan wasu watanni ta fara tangaɗi maganarta ta fara sarƙewa, a 1997 ta rasu. Ba sinadarinka ba ne, na kawo ta ne don ka gane kowane sinadari da irin safarsa.

Ciwon kan da jirin kuwa ba abin mamaki ba ne. Dichloromethane in ya shiga jiki hanta tana juya wani sashe nasa zuwa carbon monoxide, iskar nan ta hayaƙin janareto da ke hana jini ɗaukar oksijin. Methanol shi kuma jiki yana mayar da shi wani asid da ke cin jijiyar ido, yana makantarwa, kuma ba sai an sha shi ba, yana shiga ta numfashi da fata. In ka fara gani dishi-dishi kar ka jira gobe, asibiti kai tsaye, ka tafi da sunan sinadarin a rubuce.

Amma gaskiyar magana, in har ma'aikaci yana jin wari yana jiri to matsalar ta wuce ta takunkumi. Kayan sawa su ne matakin ƙarshe. Kafin su ya kamata kamfani ya duba ko zai iya canja sinadarin da mai sauƙin illa, kamfanoni da yawa sun koma yin rufin ƙwaya da ruwa, in ba zai yiwu ba a rinƙa jan sinadarin da famfo ta rufaffen bututu maimakon mutum ya sunkuya yana tuttulawa daga durom fuskarsa a bakin tanki, a kuma sa injin zuƙe iska daidai inda tururin ke tashi. Fankar sama ba ita ba ce, ita rarraba wa kowa take yi.

Gobe in ka je ka nemi takardar bayanin hatsarin kowane sinadari, wadda ake ce wa SDS. Sashe 16 gare ta, ka duba na 2 a nan aka faɗi illarsa, na 4 taimakon gaggawa, na 8 kuma irin safa da takunkumin da ya dace. Ba alfarma kake roƙo ba, yarjejeniya mai lamba 170 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1990, ta ce ma'aikaci yana da haƙƙin sanin abin da yake taɓawa har ma da janye jikinsa in ya ga hatsari mai tsanani na gab da afkuwa. Ka kai ƙorafinka a rubuce ka ajiye kwafi, kuma ka ga likita cikin satin nan.

TAMBAYA: Malam ni mace ce, ina ɗakin awon garin magani, kuma ina da juna biyu wata biyu ban faɗa wa kowa a wurin aiki ba don ina tsoron a sallame ni. Da yamma har a girata nake ganin farin gari. Kayan aikin kuma gida nake zuwa da su in haɗa da na yara in wanke. Me zan yi?

AMSA: Ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Na fahimci tsoronki kuma ba zan ce miki ba shi da tushe ba, amma watanni ukun farko su ne lokacin da gaɓoɓin jariri ke haɗuwa, ba lokacin jira ba ne. Mutane suna ɗauka tunda magani ne ai ba guba ba ne, sun manta mara lafiya ƴan miligram yake sha da umarnin likita na ƴan kwanaki, ke kuwa awa takwas kike tsaye a kan buhunsa. Magungunan ciwon daji (kansa) irin su methotrexate da cyclophosphamide suna iya ɓarar da ciki ko nakasa jariri, finasteride, maganin kumburin prostate na maza, ko fasasshiyar ƙwayarsa ba a son mai ciki ta taɓa, garin homon na maganin tazarar haihuwa kuwa an samu maza ma'aikata da nono ya fito musu saboda shaƙarsa. Penicillin shi kuma yana jawo asma da borin jini, shi ya sa ake ware masa wurinsa daban.

Garin da kike gani a gira shaida ce, wanda ya sauka a gira ya shiga hanci. Ki rubuta sunayen duk abin da kike aunawa ki kai wa likitan da ke miki awon ciki, ki ce ya ba ki takarda cewa a sauya miki ɓangare, takardar likita ta fi maganar baki ƙarfi a gaban oga. Ki duba dokar ƙwadagon ƙasarki ko ki tambayi ƙungiyarku, ƙasashe da yawa sun hana korar mace saboda ciki. Kayan aiki kuma daga yau kar su ƙara shiga gidanki, wankinsu aikin kamfani ne, ki cire a can ki wanke fuska da hannu har gwiwa kafin ki taɓa wayarki ko ki ɗauki yaro.

TAMBAYA: Wani ruwan wanke tanki ya fantsamar wa abokin aikina a ido, ya ɗan wanke da ruwa kamar minti ɗaya ya ce ya daina zafi ya koma aiki. Daidai ne?

AMSA: Kuskure ne babba ɗan'uwa. Ƙa'ida ita ce aƙalla minti 15 ruwa na gudana a ido, a buɗe fatar idon da yatsa, wani ya tsaya yana duba agogo domin mai jin zafi minti biyu gani yake kamar goma. Ruwan wanke tanki da yawa akwai soda mai ƙuna a ciki, ita kuwa ci gaba take da cin ido can ciki ko da zafin ya lafa. Kar a ɗiga wani abu wai don a kashe ta, ruwa kawai. Ka ce masa ya je likitan ido ya duba shi yau, ya ɗauki hoton lebul ɗin jarkar ya tafi da shi. Kai kuma in ka shiga aiki ka je ka murɗa famfon wanke idon da ke ɗakinku ka ga ko ruwa na zuwa, ka kawar da kwalayen da aka jibge a gabansa.