Tambaya da Amsa: In Sa Wa Motata Turbo Ko In Sayar In Sayi Wadda Ta Fi Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Mazda MX-5 ƙirar 2001, mai inji lita 1.8. Shekara biyu ke nan ina kai ta filin tsere a ranakun da ake buɗe shi ga masu motocin gida. Ba gasa nake shiga ba, sha'awa ce kawai. Abu biyu ke damuna. A kwana ina manne da manyan motoci, amma da an fito miƙaƙƙiyar hanya sai su bar ni kamar a tsaye nake. Sannan bayan zagaye biyar ko shida birki yakan yi laushi, sai na taka shi har ƙasa. Wasu sun ce in sa mata turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, wasu sun ce ɓarnar kuɗi ce, gara in sayar in nemi Toyota GR86 ko Porsche Cayman ta hannu. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A yanzu dai babu ko ɗaya. Kada ka sa turbo, kada kuma ka sayar tukuna. Abin da ka ambata a na biyu shi ne na farko a wurina, domin motar da birkinta ke nutsewa bayan zagaye shida ba ƙarin gudu take nema ba.

Birki yana gazawa iri biyu a filin tsere, kuma ƙafarka ce za ta gaya maka wanne ne. Idan ka taka ka ji shi da tauri yadda ka saba amma motar ta ƙi tsayawa, takalman birkin ne suka yi zafin da ya fi ƙarfinsu, suna zamewa a kan faifan. Idan kuwa ya yi laushi yana tafiya ƙasa, kamar yadda ka faɗa, man birkin ne ya tafasa. Ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa man ke kai ƙarfin ƙafarka har taya. Da ya tafasa sai ya yi kumfa, kumfa kuwa tana matsuwa, sai ka yi ta takawa a banza. Man birki aji-aji ne, ana rubuta ajinsa da DOT da lamba. Sabon man DOT 3 ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Selshiyos, DOT 4 kuma 230, DOT 5.1 kuwa 260. Sai dai man birki yana tsotsar danshi daga iska. Wanda ya daɗe a mota, DOT 4 ɗin nan kan iya saukowa wajen 155. Ina kyautata zaton naka ya kwana biyu ba a canja ba. A zubar da shi gaba ɗaya, a sa na tsere irin wanda ke haura digiri 300, a fitar da iska da kyau, a kuma sa takalman birki masu jure zafi. Ka kiyayi DOT 5, mai silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. Wannan gyaran na yini ɗaya ne, kuma ga mota mara nauyi irin taka galibi ya isa, ba sai an kai ga sayen manyan faifai ba.

Batun wuce ka a miƙaƙƙiyar hanya kuwa, wannan halin motar ne, ba ciwo ba ne. Tun da Mazda ta fito da MX-5 a 1989 ba ta yi ta don ƙarfin inji ba. Ta farkon ƙarfin doki wajen 115 gare ta, nauyinta bai kai kilo 1,000 ba. Taka ta samfuri na biyu tana da wajen 140, nauyinta bai wuce kilo 1,100 ba. Tunanin da ke bayanta irin na Colin Chapman ne, wanda ya kafa kamfanin motoci na Lotus: ƙarin ƙarfi yana taimakonka a miƙe kaɗai, rage nauyi kuwa yana taimakonka a birki, a kwana, da wajen fita daga kwana. Lotus Elise ta 1996 kilo 725 ce kacal da ƙarfin doki 118, amma ta sha kunyata motocin da suka ninka ta ƙarfi. A Amurka akwai rukunin gasa guda mai suna Spec Miata, inda motoci irin taka ke fafatawa da injin da kusan bai bambanta da na kamfani ba, kuma daga nan direbobi da yawa suka koyi aikinsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kafin ka kashe ko sisi bayan birki, ka gano wa ya ƙure, kai ko motar. Hanyar mai sauƙi ce, sai dai tana da ɗaci. Ka sa manhajar auna lokacin zagaye a wayarka, ka yi zagayenka, sannan ka miƙa makulli ga malamin tuƙi na filin ko wani gwani da ya san irin motar, kai kuma ka zauna a gefensa. A ganina, idan ya fi ka da daƙiƙa biyu ko uku a zagayen da bai kai minti biyu ba, motar tana da sauran abin da ba ka karɓa ba, kuma babu turbo da zai ba ka shi. Ka kuma duba lokutanka: idan wannan zagaye ya bambanta da wancan da daƙiƙa biyu, hannunka bai zauna ba. Ka lura da inda yake sakin birki da inda yake komawa kan totur. Wanda ya fito daga kwana da ƙarin kilomita 5 a awa, zai ci ribar wannan ƙarin har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar. Wani ɓangare na ratar da kake gani a miƙe tun a kwana aka ba ka ita.

Bayan wannan sai taya da saitin ƙafafu, kuma a nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Da ka fito daga fili, tun tayar na da zafi, durƙusa ka dubi ta gaba. Idan gefenta na waje ya cinye, robar ta yi ɓarɓashi ko ta yi shuɗi-shuɗi, gefen ciki kuwa kamar sabo, to motar tana kwantawa a kan kafaɗar tayar a kwana, rabin faɗinta kawai ke aiki. Maganinsa a karkatar da saman tayar ciki kaɗan, wajen digiri 2 zuwa 3 a gaba. MX-5 tana da kyau a nan, domin ƙafafunta huɗu duk suna saituwa daga kamfani, ko da yake kaiwa wannan adadin kan buƙaci a sauke motar kaɗan. Ka shafa alli a kafaɗar tayar kafin ka shiga, in ka fito za ka ga iyakar inda ta taɓa ƙasa. Iska kuma da zafinta ake auna ta, domin tana hawa sosai bayan 'yan zagaye, wadda ka sa da safe ba ita ce kake tuƙi a kanta ba. Shokazoba idan na asali ne tun 2001, sun gama aikinsu tuntuni, haka ma robobin ƙafa.

Amma ka sani, taya mai kama ƙasa tana jawo nata. Boris ɗin ƙafar gaba zai riƙa cinyewa da wuri, sai an riƙa girgiza tayar ana dubawa kafin kowace fita. A doguwar kwana kuma man inji yakan taru a gefe ɗaya na tukunyarsa, saboda haka ka tabbata ya cika har alamar sama, ka kuma sa agogon zafin mai.

Motarka buɗaɗɗiya ce, don haka ƙarfen kariya na bayan kujera, mai kare kanka idan motar ta kife, ba ado ba ne, filaye da yawa ma ba za su bar ka ka shiga babu shi ba. Gwajin da ake yi shi ne ka zauna da hular kwano a kanka, a ɗora sanda daga saman ƙarfen zuwa saman gilashin gaba, hular ta kasance ƙasa da sandar, da ratar wajen santimita 5. Kada ka sa bel mai igiya biyar ko shida kafin ƙarfen, domin yana riƙe ka a miƙe idan motar ta kife. In ka sa shi kuma, ka haɗa da abin riƙe wuya na HANS, wanda hukumar tseren motoci ta NASCAR a Amurka ta wajabta irinsa a 2001 bayan rasuwar direba Dale Earnhardt a tseren Daytona, gasar Formula 1 kuma ta bi a 2003. Kujera mai riƙe jiki ma tana rage lokaci, don za ka daina tokare gwiwa da ƙofa kana rataye da sitiyari.

To, turbo. Ba na ƙin sa, na dai ƙi yadda ake tallarsa kamar abu ɗaya ne za a ɗaura a wuce. Yi wannan lissafin. Zafin da birki ke sha yana tafiya ne da gudu a ninka shi da kansa. A ce yanzu kana isowa ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya da kilomita 160 a awa, kana saukowa 80 don kwana. Da turbo ka iso da 190. Ƙarin gudun bai kai kashi 20 cikin 100 ba, amma zafin da birkin zai haɗiye ya ƙaru da kusan kashi 55. Birkin da ka gyara jiya ya koma ƙarami. Sai kuloci, sai giyabos, sai lagireto babba, sai na'urar sanyaya mai, sai kwamfutar inji da wanda zai saita ta. Injin motarka ma yana da wani hali da ba kowa ya sani ba. Asalinsa daga dangin injin Mazda 323 yake, inda yake kwance a gicciye. Da aka juya shi a tsaye a MX-5, sai ruwan sanyaya injin ya zama yana shiga ta gaba yana fita ta gaba, silinda ta huɗu da ke can baya ba ta samun rabonta sosai. A titi babu komai. A fili, da turbo, minti ashirin ƙafa na ƙasa, nan ne matsala ke fara fitowa, shi ya sa masu yin aikin da gaske suke sake wa ruwan hanya ya fita ta baya. Mota mai turbo da ke lafiya a titi daban, wadda za ta yi yini a fili ba ta yi zafi ba daban, kuma ta biyun sabuwar mota ce ka ƙera da hannunka. Ranar sayarwa kuma da wuya kuɗin kayan ya dawo. In aikin gareji kake so don kansa, bismillah, sha'awa ce mai kyau. In tuƙi kake so, za ka yi ta kallon wasu suna zagaye kai kana ƙarƙashin bonet.

Wannan ne ya kawo mu inda sayarwa ke da hujja. Ƙa'idata ita ce: abin da ke cinyewa ko ke saituwa a gyara shi, abin da ke jikin ƙirar motar kuwa a canja motar. Idan gwani ya tuƙa ta bai fi ka da komai ba, lokutanka sun zauna, kuma har yanzu ƙarfi kake so, sayi motar da kamfani ya yi da ƙarfin, don an auna birkinta da sanyayarta da giyarta tare. Idan kai dogo ne hularka ta ƙi sauka ƙasa da sandar nan ko da an sauke kujera, mota mai rufi kake buƙata. Filin da kake zuwa ma yana da ta cewa. A ƙaramin fili mai kwana-kwana kamar Cadwell Park ko gajeren zagayen Brands Hatch a Ingila, MX-5 a gidanta take. A Spa ta Beljiyam mai kilomita 7, ko Nürburgring ta Jamus mai kusan kilomita 21, za ka daɗe ƙafa na ƙasa kana kallon madubi, kuma wannan yana gundura.

Cikin biyun da aka ba ka shawara, GR86 ta fi kusa da abin da ka saba: inji a gaba, turi daga baya, lita 2.4, ƙarfin doki wajen 230, nauyi kusan kilo 1,270. Cayman injinta a tsakiya yake, ta haura kilo 1,300, ta fi kama ƙasa, kuma in ta kuɓuce tana juyawa da sauri fiye da taka. Dukansu sai ka sake musu man birki, takalman birki da saitin ƙafa kafin su shiga fili, kada ka ɗauka an gama. Kowane zagaye kuma zai fi tsada, tunda nauyi da faɗin taya sun ƙaru. Ga wani abu da mutane kan manta: inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere. Motar da kake tsoron gogewa ba za ka taɓa kai ta iyakarta ba, kuma ana yawan ganin wanda ya koma mota mai tsada yana zagaye a hankali fiye da da.

Abu ɗaya ne zai sa in janye duk abin da na faɗa, in ce sayar yanzu: tsatsa. MX-5 irin samfurinka an san ta da ci ta ciki a dogayen ƙarafan shasi na gaba, da kuma ƙasan ƙofa daf da tayar baya. Daga waje fenti kan yi kyau alhali ciki ya ruɓe. A ɗaga motar, a cire robar ƙasan inji, a ƙwanƙwasa wuraren da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi dum, wani lokacin ma ya zubo da gari. In ka tarar da haka, kada ka ɗaura ƙarfen kariya ko taya mai kama ƙasa a kan wannan jikin. In kuwa lafiya take, canja man birki a wannan makon, ka nemi malamin da zai tuƙa ta kana zaune a gefensa a fita ta gaba, ka aiko mini da lokutanku ku biyun.