Tambaya da Amsa: Ina Iskar Oksijin Take Tafiya Idan Aka Samar da Haidirojin?

Tambaya: Malam, na ji ana raba ruwa da wutar lantarki don samun haidirojin. To sauran abin da ke fitowa fa, zubar da shi ake yi?

Amsa: Sau da yawa haka ake yi, kuma asara ce babba. Kowane kilo 1 na haidirojin yana cin kusan lita 9 ta ruwa, yana kuma fitar da kilo 8 na oksijin. Wannan oksijin za a iya tura shi matatar ruwan ƙazanta, inda ƙwayoyin cuta masu cin datti suke buƙatarsa, ko tanderun narka gilashi da ƙarfe, inda yake ƙara zafin wuta ya rage man da ake ƙonawa. Sai dai dole mai amfani da shi ya kasance kusa, domin kuɗin matse iskar da jigilarta yakan cinye ribar.

Inda ake samun matsala shi ne tsabta. Oksijin yana fitowa da danshi da ɗan haidirojin da ya ratso shingen da ke raba iskokin biyu a cikin injin raba ruwan. Idan haidirojin ya kai kashi 4 cikin 100, cakuɗin na iya fashewa, shi ya sa ake tsayar da injin tun yana kashi 2. Kason haidirojin a cikin oksijin yakan ƙaru idan wutar lantarki ta yi rauni, kamar lokacin da gajimare ya rufe faifan sola. Kada mai ko giris ya taɓa bututun oksijin, domin wuta na iya tashi nan take.

Zafin injin ma, wanda yakan kai digiri 60 zuwa 80 a ma'aunin Selsiyus, ana iya ɗumama gidaje ko ruwan masana'anta da shi.