Tambayi Likita: Da gaske ne an samu maganin sikila?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da 'ya mai shekara 14 da ke fama da sikila, kuma na ji a rediyo cewa Turawa sun gano maganin da ke raba mutum da cutar gaba ɗaya. Gaskiya ne, kuma ana samunsa a ƙasar nan? Sannan yayanta na shirin aure, shi AS ne, yarinyar da zai aura kuwa an yi mata gwaji a wuri biyu, ɗaya ya ce AA, ɗaya ya ce AS. Wanne za mu ɗauka? Daga wata uwa a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi. Abin da kika ji gaskiya ne. Sunan maganin Casgevy, hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da shi a watan Nuwamban 2023, ta Amurka kuma ta biyo baya a watan Disamba, ga masu shekara 12 zuwa sama. An gina shi ne kan fasahar CRISPR, wadda ke aiki kamar almakashi wajen yanke daidai wurin da ake so a cikin ƙwayoyin gado, kuma ita ce ta jawo wa Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier kyautar Nobel a 2020.

Yadda ake yin sa ya cancanci bayani, domin ba ƙwaya ba ce da za a haɗiya. Jariri yana zuwa duniya da wani nau'in himogulobin (sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini) na zaman ciki wanda ba ya lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa ciwon ba ya cika bayyana sai yaro ya kai wajen wata shida, lokacin da jiki ke rage yin wannan nau'in. Likitoci sukan ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, su kai su ɗakin gwaje-gwaje, su kashe aikin ƙwayar gadon da ake kira BCL11A, wadda ita ce ke dakatar da himogulobin na jarirai, sannan su mayar masa da su. Kafin a mayar, sai an ba shi magani mai ƙarfi irin na masu kansa don a share tsohon ɓargo, abin da ke zubar da gashi, ya kwantar da mutum makonni a asibiti, kuma yana iya hana haihuwa. A gwajin da aka dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da mummunan tashin ciwo ba.

Sai dai kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, wato biliyoyin naira, kuma ba a yin sa a Najeriya, ƙasar da ake haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara. Duk wanda ya ce miki yana sayar da shi a kwalba ko a WhatsApp, ɗan damfara ne. Dashen ɓargo daga ɗan'uwan da jininsu ya dace shi ma yana warkarwa, an kuma fara yin sa a ƙasar nan a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin da ke jihar Edo a 2011, amma yana da tsada da haɗari. A ganina, abin da ya fi kusa da 'yarki shi ne hydroxyurea, ƙwaya mai sauƙin kuɗi da ita ma take ƙara himogulobin na jarirai. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya nuna tana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila. Ki tambayi likitan jini a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko ta dace da ita, kada a saya a kemis a sha kai tsaye, domin sai ana auna jini lokaci-lokaci.

Batun ɗanki ya fi gaggawa. Gyaran da Casgevy ke yi ya tsaya ga jinin wanda aka yi wa, ba ya sauya abin da zai gadar wa 'ya'yansa, saboda haka gwajin jinotayif kafin aure yana nan da muhimmancinsa. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya kaɗai zai samu ba.

Saɓanin sakamako yakan faru ne a tsohuwar hanyar da yawancin wuraren gwaji ke amfani da ita, inda ake rarrabe himogulobin da wutar lantarki a kan wata 'yar takarda, ma'aikaci ya karanta layukan da ido. Sinadarin da ya tsufa, ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki, ko musanyar kwalaben jini, duk suna iya ɓata amsa, haka ma ƙarin jini idan an yi wa mutum cikin wata uku da suka wuce. Yanzu akwai ɗan tsinken gwaji irin HemoTypeSC da ke ba da amsa cikin kimanin minti 10 da ɗigon jini daga yatsa, akwai kuma na'urar HPLC da ke auna adadin kowane nau'in himogulobin ta fitar da shi a rubuce. Kada ku zaɓi sakamakon da ya yi muku daɗi. Ku ɗauka yarinyar AS ce har sai an tabbatar, a sake yi musu su biyun da HPLC a babban asibiti, kowa ya je da kansa a ɗebi jininsa, kuma a yi hakan tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.