Makullin ƙofa na waya: fara da rauta

Malam, ka ce ka sa makulli mai buɗewa da waya a gidanka na Barnawa, kana tsoron wani ya buɗe shi daga nesa. Tsoron yana kan hanya, amma ni rautar gidan, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ta fi damuna, don ta nan makullin ke hawa intanet. Juya ta ka duba takardar da ke liƙe a ƙasanta. In har yau "admin" ne kalmar sirrin shiga saitinta, don Allah canza ta yanzu. A saitin tsaron Wi-Fi, sa WPA3, in babu, WPA2, ka kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da rauta ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Yaran maƙwabta masu roƙon Wi-Fi, buɗe musu layin baƙi daban. Riƙa sabunta manhajar makullin, kunna tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa wata lambar tabbatarwa. Mabuɗin ƙarfen kuma ya zauna a aljihunka, batir yakan mutu.