Madubin likita ko littafi: me za a fara saya wa ɗalibin Bayoloji?

Tambaya: Malam, 'yata tana aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, kuma burinta likitanci. Madubin likita ɗaya ne a makarantarsu, shi ma kullum yana kulle. Na ga wani a intanet mai araha, an rubuta yana ƙara girman abu sau 1200. In saya mata? Daga wata uwa, Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya cika wa yarinya burinta. Amma wannan da kika gani, ki bar shi. Lambar da aka ɗora a jikin kwali ita ce tarkon. Irin waɗannan galibi idonsu na roba ne, suna kumbura hoto ba tare da sun fito da komai ba, sai ki leƙa ki ga hazo. Madubin asibiti mai tsada ma, wanda ake duba ƙwayar cutar maleriya da shi, a sau 1000 yake aiki, kuma sai an rina jinin an ɗiga wani mai na musamman. To ina na wasan yara zai kai 1200?

Abin da ɗalibar sakandare take buƙata bai wuce sau 40, da 100, da 400 ba. Idan za ki saya, nemi mai jikin ƙarfe, mai idanun gilashi guda uku da aka rubuta 4, 10 da 40 a jikinsu, na saman kuma 10. Ya kasance da maɓallan saiti biyu, babba da ƙarami, domin a sau 400 ƙaramin ne ke fito da hoto. Ki zaɓi mai madubin haska rana ko mai batir, saboda kin san halin wutarmu. Na hannu mai lafiya daga masu sayar da kayan asibiti ya fi sabon roba nesa ba kusa ba, da sharaɗin a gwada a gabanki: a ɓare siririyar fatar cikin albasa, a ɗiga mata aidin, a leƙa. Idan an ga ɗakuna jere kamar tubalin gini, kowanne da ɗigo a ciki, ki biya. Idan ba a gani ba, ki kama hanya.

Duk da haka, da ni ne, ba da shi zan fara ba. A jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO, abin da ake ajiye wa ɗalibi a tebur irin su fara ne, da kyankyaso, da ƙwayar wake ko masara, da ganye, da ƙashi, a ce ya duba, ya zana, ya sa wa sassan suna. Ƙaramin gilashin hannu mai ƙara girma sau 10, da reza, da fensir mai tsini, su ne kayan aikin, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ta jiƙa wake ta raba shi biyu, ta zana; ta kama fara ta ƙirga ƙafafu shida da ramukan numfashi a gefen ciki. Na sha ganin yaran da suka haddace babi guda, amma aka miƙa musu furen yakuwa suka kasa nuna sashen namiji da na mace, abin yana ci mini rai. Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, da gilashi ƙwaya ɗaya da ya goge da hannunsa ya fara ganin ƙananan halittun ruwa a shekarun 1670. Idan kuɗi sun samu daga baya, ku haɗa da iyaye biyu ko uku ku sayi madubi ɗaya na kirki. Ranar da ta ɗebo ruwan kududdufi da gansakuka ta ga abubuwa suna iyo a ɗigo guda, za ki sha labari.

Tambaya: Malam, kuɗina na littafi ɗaya ne. In sayi ɗan littafin tambayoyin baya ko babban littafin karatu? Kuma zan iya tsallake babin juyin halitta? Raina bai kwanta da shi ba. Daga wani ɗalibi mai shirin JAMB.

Amsa: Ɗana, sayi babban, mai zane-zane masu kyau, wanda ya bi manhajar yanzu. Tambayoyin baya ana aro wajen aboki, kuma wasu bugun nasu akwai amsoshin kuskure. Wanda bai karanta ba ba zai gane ba.

Babin kuma kada ka tsallake shi, yana fitowa. Mai jarrabawa yana son ka faɗi abin da masanin halittu Lamarck ya ce a kan yadda halittu ke sauyawa, da abin da takwaransa Darwin ya ce a 1859, da hujjojin da aka kawo. Abin da ya shafi aƙida ka zauna da malaminka na addini. Amma ginshiƙin babin abu ne da kake gani da idonka. 'Ya'yan halitta ɗaya ba sa zama iri ɗaya, wanda ya dace da wurin da yake shi ke rayuwa ya haihu, ya gadar da siffarsa. Tambayi mahaifiyarka kulorokwin: a da shi ne maganin zazzaɓi a kowane gida. Ƙwayoyin cutar da suka jure masa suka tsira suka yaɗu, har aka daina dogaro da shi aka koma magungunan haɗi na yanzu.

Ga kuma sikila. Mai jinin AS, wato wanda ya gaji sikila daga gefe ɗaya kawai, yana da kariya daga maleriya mai tsanani, kamar yadda wani masani mai suna Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954, shi ya sa wannan gado ya yi yawa a ƙasashen sauro irin namu. Haɗa wannan da lissafin Mendel, masanin gadon halitta: AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu na zama SS, wato mai ciwon sikila. Lura, kowane ciki na ce, domin ɗalibai da yawa suna ɗauka idan na fari ya zo da sikila, ukun da za su biyo baya sun tsira. Zana akwatin nan mai gida huɗu da ake yin wannan lissafi da shi sau goma har hannunka ya saba, kuma idan ba ka san ko naka jinin AA ne, AS ne ko SS ba, ka je asibiti a gwada kafin maganar aure ta taso.