Giyar inabi a littattafan labarin ƙasa na limaman Jesuit

Tambaya: Malam, na ji cewa limaman ɗariƙar Jesuit ta Katolika sun riƙa yabon garuruwan da ake noman inabi a littattafan labarin ƙasa da suka rubuta da Latin. Me ya kai malaman addini ga wannan, kuma ana iya dogara da abin da suka faɗa?

Amsa: Haka ne, ɗan'uwa. Paparoma Paul na Uku ya amince da ɗariƙar a 1540, kuma bayan tsarin karatunsu na 1599 makarantunsu sun bazu a Turai, duk da Latin ake koyarwa. A lokacin, inabi shi ne arzikin garuruwa da dama: da shi ake biyan haraji, ana fataucinsa, coci na buƙatar giyarsa a ibada, kwalejoji da yawa ma na da gonakinsa. Wanda zai siffanta gari ya tsallake inabi kamar mai siffanta Kano ta da ne ya manta da rini.

Amma a yi hattara. Littafi irin na limamin Jesuit Philippe Briet, wanda aka fara bugawa a Paris a 1648, manufarsa jera tsohuwar duniyar Romawa kusa da ta zamaninsa, don yaro ya gane wuraren da yake karantawa a waƙoƙin Horace, mawaƙin Romawa na da. Shi ya sa yabon giyar Falernum ta Italiya yakan fito daga bakin marubutan da suka rasu fiye da shekara dubu. Pliny, marubucin Romawa na da, shi kansa ya ce giyar Caecubum ta Italiya ta ɓace tun zamaninsa, saboda sakacin manoma da magudanar ruwan da Sarkin Roma Nero ya sa a haƙa, amma sunanta bai daina yawo a aji ba.

Inda na fi yarda da su shi ne idan suna maganar ƙasarsu. Limaman Jesuit na jami'ar Trnava, wadda aka kafa a 1635 a masarautar Hangari, sun san garuruwan Tokaj, yankin noman inabi na ƙasarsu, yankin da dokar sarki ta shata iyakarsa a 1737. Ko nan ɗin ma, masana na lokacin sun yi ta yayata tatsuniyar cewa zinariya na tsirowa a jikin kurangar inabin Tokaj. Sunan gari da kogi da dutse ka karɓa. Yabon daɗin giya kuwa, sai ka gwada shi da kundin haraji na garin.