Amsa ga mai tambaya kan agogon jirgin da aka samu a adakar kaka

Assalamu alaikum. Ƙanena na Ƙauran Namoda, na karanta tambayarka, na kuma ga amsoshin da aka fara ba ka, shi ya sa na ce bari in yi sauri in sa baki kafin ka ɗauki sukundireba. Ka ce a adakar marigayi kakanku, Allah ya jiƙansa, kun sami wani abu baƙi kamar agogo, mai allurai uku da lambobi daga 0 zuwa 9, an rubuta ALT a fuskarsa, a bayansa kuma akwai tambarin kambi da haruffan A.M. da wata lamba mai farawa da 6A. Tare da shi akwai fallen alminiyon mai ƙusoshi a jere. Kana so ka san ko na jirgin yaƙi ne, yadda za ka goge su su yi ƙyalli, da kuma nawa za su yi a kasuwa.

Ni rewaya ne a nan Gusau, kuma tun ina saurayi nake bin 'yan gwangwan ina tsintar irin waɗannan tarkacen. Abin da zan fara roƙonka shi ne kada ka kwance gilashin nan, ko da wasa.

A zamanin yaƙin duniya na biyu, yawancin gejojin jirage da fenti mai sinadarin radiyam ake rubuta lambobinsu da alluransu, don matuƙi ya iya karantawa cikin duhu. Duba lambobin naka. In ka ga fentin ya yi kauri, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ko launin makuba, to ka ɗauka shi ne, har sai an auna an ce maka a'a. Wani zai ce ai ya kai shi ɗaki mai duhu bai ga yana haske ba. Hodar da ke ba da hasken ce ta mutu. Radiyam ɗin yana nan daram, don sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Muddin gilashi na rufe, kuma ba a aljihu kake yawo da shi ba, haɗarin kaɗan ne. Matsalar tana farawa ranar da aka buɗe, busasshen fentin ya zama ƙura, ka shaƙa ko ta bi hannunka zuwa kwanon tuwo. A Amurka, wajen shekarun 1920, 'yan matan da ke wannan fenti a masana'anta suna lasar bakin burushi don ya yi tsini, da yawansu ƙashin muƙamuƙinsu ya ruɓe, suka mutu. Mu mutanen Zamfara ba sai an yi mana dogon wa'azi kan ƙura ba. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, yara fiye da 400 suka tafi, alhali a ido ƙasa ce kawai ake daka a tsakar gida. Saboda haka ka sa shi a leda mai kauri, ka ɗaure, ka ajiye inda iska ke shiga, ba ɗakin kwana ba, ba inda yara ke kaiwa ba. In gilashin ya riga ya tsage, kada ka girgiza shi, ka wanke hannu bayan ka taɓa. In kana da wanda ka sani a sashen fiziks na wata jami'a, suna da na'urar da ke auna wannan, aikin minti biyu ne.

Yanzu ga abin da ke hannunka. Ma'aunin tsayi ne, wanda ke gaya wa matuƙi ƙafa nawa ya yi sama. A cikinsa akwai wani ɗan gwangwani siriri da aka zuƙe wa iska. In jirgi ya hau, nauyin iskar waje ya ragu, sai gwangwanin ya kumbura kaɗan, ya tura wasu ƙananan haƙora, su kuma su juya allurai. Doguwar tana ƙirga ɗaruruwan ƙafa, matsakaiciyar dubbai, 'yar ƙaramar dubu goma-goma. A bayansa za ka ga wani ɗan bututu. Kada ka hura masa iska da baki don ka ga ko yana aiki, nan take za ka lalata gwangwanin. A.M. da kambi tambarin Ma'aikatar Jiragen Sama ta Ingila ne, 6A kuwa rukunin gejoji ne a lissafin sitonsu. Nemi wata lambar daban mai ɗan layi a karkace, misali wadda ta ƙare da /41 ko /42. Sau da yawa wannan ita ce shekarar da aka ƙera shi.

Amma wanda ya ce maka tabbas na Spitfire ne, wato shahararren jirgin yaƙin Ingila na lokacin, ya faɗi abin da bai sani ba. Geji iri ɗaya ake ɗaurawa a Hurricane da Spitfire da Blenheim da jiragen koyon tuƙi, wani ma bai taɓa hawa jirgi ba, daga sito ya fito da kwalinsa. Lambar tana gaya maka mene ne shi, ba ta gaya maka wane jirgi ya ɗauke shi.

Ta yaya ya iso Ƙaura? Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, tekun Bahar Rum ya zama da haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai suka koma kawo jiragen yaƙi a akwatunan katako zuwa Takoradi a Ghana ta yanzu. A can ake haɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena, su ratsa Sudan zuwa Khartum, su gangara Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma kafin a daina, jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Blenheim ɗaya mai ɗauke da masanin hanya ke shiga gaba, ƙananan na biye. Kano babban zango ne, da makanikai da sito da jiragen da suka lalace aka bar su nan. Hanyar ba ta bi ta sararin Zamfara ba, shi ya sa ban cika yarda da labaran wai an tono injin jirgin Turawa a gona a nan ba. Abin da na fi gani shi ne kaya sun zo ta hannun mutane: ta jirgin ƙasa, wanda ya iso Ƙaura tun 1929, ta 'yan koli da fatake masu zuwa Kano, ko ta 'yan mazan jiya da suka dawo daga yaƙin ƙasar Bama (Burma) da adakarsu. Don haka tambayar da ta fi kowace amfani ba a nan za ka yi ta ba. Je wurin tsofaffin gidanku ka ji ko kakanku ya yi soja, ko ya yi aikin reluwe, ko ya zauna a Kano lokacin yaƙin Hitila. Ka rubuta abin da suka faɗa da sunan wanda ya faɗa, ka haɗa da takardar sallama ko lambar yabo in akwai a adakar.

Fallen alminiyon ɗin kuma sai a yi hattara, don goma da za a kawo mini a ce na jirgi ne, yawancinsu jikin tsohuwar bas ne ko tankar ruwa. Na jirgi siriri ne amma da ƙarfi, ƙusoshinsa ƙanana ne, tazararsu ɗaya kamar an auna da rula, a wasu wuraren kawunansu sun nutse sun daidaita da fatar fallen. Juya cikinsa. Fenti ruwan ɗorawa mai ratsin kore alama ce mai kyau, sai dai shi ma guba ne, ba a kankare shi. In ka ga rubutun tawada da ya dusashe yana maimaita ALCLAD 24ST, to ƙirar Amurka ce ta kafin tsakiyar shekarun 1950, don daga baya sun sauya lambar. Nemi kuma ƙananan lambobi da aka buga da ƙarfe a gefe, da 'yan tambura zagayayyu na masu duba aiki. Kayan Spitfire da yawa da 300 suke farawa. In haruffan Rasha ka gani, to ka tsallako zuwa yaƙin basasa, lokacin da jiragen MiG-17 da Il-28 suka zo mana daga 1967.

Akwai wani dattijo mai zubin tukwane a nan garin da nake yawan zama wurinsa. Tsibin fistin da tsofaffin murafai a gefe, yaro na juya ƙafar keke yana hura wuta, shi kuma yana danna yashi a kwamin tukunya. Shi ya koya mini abin da littafi bai koya mini ba. Yakan ɗaga falle, ya lanƙwasa gefensa da yatsa, ya sake shi ya ji yadda zai koma, ya ce, "Wanga ƙarhe taurin kai gare shi, in an zuba shi kaɗai tsagewa yaka yi." Gaskiyarsa, don alminiyon ɗin jirgi akwai jan ƙarfe a cikinsa. Duk abin da ya ƙi a hannunsa yakan jefa mini gefe. Abin takaicin shi ne wasu ba sa ƙi, gauraya shi suke da fistin, kuma Allah kaɗai ya san tarihin da ya zama tukunyar dafa shinkafar biki a ƙasar nan.

Batun gogewa, amsata ita ce kada ka goge. Na ga yaron wani abokina ya ɗauki wani ƙaramin murfi mai lambobi cak, ya jiƙa shi a sodar masu sabulu, ya bi da samfefa. Ya fito fari tas, lambobin kuma sun tafi har abada. Abin da ya rage ba ya da bambanci da marfin tukunya. Soda cin alminiyon take yi. Burushin waya kuma yana barin ɓurɓushin baƙin ƙarfe a jiki, damina ɗaya sai ka ga farar hoda ta feso a wurin. Abin da nake yi kaɗan ne: burushin fenti mai laushi in kaɗe ƙura, tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan a wurin da babu rubutu, in busar sosai, in shafa kaki siriri. Noti da ya ci tsatsa, ɗigon kananzir da haƙuri. Kuma sifanar motarka ba za ta zauna a kan notin Ingila na wancan zamani ba, awonsu daban ne, in ka tilasta sai ka cinye kan.

Ko manya sun faɗa wannan rami. A 2012 aka tsinci wani jirgin Kittyhawk a hamadar Masar, yana nan kusan yadda ya faɗi tun 1942, matuƙinsa kuwa ba a gan shi ba. Masana suka so a bar shi da raunukansa. Da ya bayyana a gidan tarihi na El Alamein, an cike shi, an shafe shi da sabon fenti, har da zanen haƙoran kifi a hanci. Masu wannan sha'awa a duniya har yau ba su huce ba.

Kuɗi kuma, kada ka sa rai da na sayen fili. An ƙera irin wannan geji da yawan gaske. Gaskiya ne an sayar da wani Spitfire a Landan a 2015 kan fam miliyan 3.1, amma wannan cikakken jirgi ne mai tashi, da lambarsa da tarihin faɗuwarsa a gaɓar Calais ta Faransa a 1940, kuma an shekara da shekaru ana zuba masa kuɗi. Mu a nan gyaran cikakken jirgi ba namu ba ne. Wanda ke son ganin tsofaffin jiragen yaƙi na gaske ya je gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Masu aika kaya ƙasar waje ba sa karɓar abu mai radiyam, fitar da kayan tarihi kuma sai da izinin hukumar gidajen tarihi. Sannan ka yi hankali da masu yawon neman jan makuri, wani sinadarin da ake jita-jitar yana ɓoye a tsofaffin kaya, waɗanda ke bin tsohon keken ɗinki da dutsen guga na gawayi. Babu wani jan makuri a ciki, fasa maka shi kawai za su yi a tsakar gida.

Abu na ƙarshe, tunda yara da yawa na karantawa. Tsohon kaya daban, tarkacen jirgin soja na yanzu daban. Kowa ya tuna Alpha Jet ɗin da ya faɗo a jihar nan a watan Yulin 2021. Irin wannan kayan gwamnati ne, kujerar da ke cilla matuƙi ma akwai abin fashewa a jikinta, kuma a halin da muke ciki, a kama ka da shi a shingen bincike ba ƙaramar magana ba ce. In an kawo maka, ko kyauta ne, ka ce a kai wa hukuma.

Ka turo hoton bayan gejin da gefen fallen, ka ɗauka da rana a inuwa, ka karkata wayar yadda lambobin da aka buga za su fito. Ka sa ashana a gefe don in gane girmansu.